Rakiyar Baba Lawal

Duk Bahaushen da ya zauna a Greensboro ta Amurka a shekarun casa'in, in dai ya taɓa aika kaya gida, ya san Baba Lawal. Shi ake kira in akwati ya ƙi rufuwa. Zai zo da igiyarsa a aljihun jaket, ya zazzage duk abin da ka shirya a ƙasa ba tare da ya nemi izininka ba, ya sake jerawa, sai ka ga har wurin takalma ƙafa biyu ya ragu. Sana'arsa ke nan a wani katafaren sito da ke bayan titin Wendover, ɗaure kwalayen tawul da zannuwan gado daga safe zuwa la'asar. Fiye da shekara goma yana shirya wa wasu kayan tafiya, shi kuwa ko Raleigh da ke nan kusa sau biyu ya taɓa zuwa.

Mutumin Funtuwa ne. A 1981 ya zo karatun aikin gona, karatun ya tsaya a shekara ta biyu, shi kuma kunya ta hana shi komawa hannu rabbana. Matarsa Turai ta jira shi shekara shida, sannan ta aiko a ba ta takardarta. Ya rubuta ya aika, kuma ban taɓa jin ya faɗi mummunar magana a kanta ba. Rasuwar mahaifiyarsa a wasiƙa ya karanta ta, bayan an riga an yi sadakar arba'in. Daga nan ya zauna a ɗakinsa na hawa na biyu, shi da rediyo da tukunyar shayi.

Ni sunana Hanifa, a ɗakin gwajin jini na wani asibiti nake aiki, maigidana Abdurrahim kuma yana koyarwa a jami'a. Lokacin da muka zo garin, gini ɗaya muke da Baba Lawal, shi ya ɗauko mana katifarmu ta farko a ka. Da hali ya ɗan samu muka koma Summerfield, inda maƙwabtanmu na kusa dawakai ne. Zan faɗi gaskiya a kaina, ina da gajen haƙuri, kuma gaisuwar Baba Lawal tana gajiyar da ni. In ya bugo waya sai ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, ya tambayi maigida, ya bi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, kuma kowace tambaya sai ya tsaya ya ji amsarta kafin ya wuce ta gaba. Sau da yawa ina amsa masa ina juya miya, rabin hankalina a tukunya.

Labari ɗaya yake da shi wanda ba ya gajiya da ba mu, labarin ranar da ya baro gida. Mako guda ya yi yana bi gida gida yana sallama, yana neman gafara, tsofaffi suna sa masa albarka. Ranar tafiya bas biyu aka cika daga Funtuwa zuwa filin jirgin Kano, har da mai shayin unguwarsu. Mun ji labarin nan har mun haddace, in ya fara sai Abdurrahim ya taɓa ni da ƙafa a ƙarƙashin tebur. A kullum da magana ɗaya yake rufewa, wai mutum ba ya kama hanya sai wani ya taka masa, ya ce masa Allah ya kiyaye hanya.

A watan Disamba na 1996, wata abokiyar aikinsa 'yar Meziko mai suna Lucia ta gayyace shi hutu. Ita da mijinta sun kama hayar wani gidan katako a kan duwatsun wajen Boone, za su yi kwana uku a can bayan Kirsimeti, kuma ta lura duk shekara shi kaɗai yake cinye hutun a ɗaki. Ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya amsa. Sai ya bugo wa Abdurrahim yana neman aron kwat mai kauri, don an gaya masa sanyin can ba irin na Greensboro ba ne, ƙanƙara har gwiwa. Ranar Asabar da hantsi na biya in kai masa, da niyyar in miƙa daga bakin ƙofa in wuce kasuwa.

Ban samu na miƙa daga bakin ƙofa ba. Ya ce sai na shigo na ga shiri, in gaya masa ko akwai abin da ya manta. Akwatin nan ruwan ƙasa da ya zo da shi daga Kano yana buɗe a kan gado, ya goge shi har yana ƙyalli. A gefensa ga bargo mai hoton damisa, ga dogayen wandunan ciki sababbi a ledarsu, safa ƙafa takwas kowace an naɗe ta kamar alkaki, da hular sanyi mai rufe kunne. Ya ɗura man kaɗanya a kwalba saboda kaushi, ya ƙulla citta da kanumfari, ya kawo buta da dadduma. Filas biyu na gani, na tambaye shi na biyun na mene ne. Ya ce na ruwan alwala ne, shi ba zai sa hannu a ruwan dutse da asuba ba.

Na ce, "Baba, kwana uku za ku yi ko ƙaura?"

Ya yi dariya, ya ce, "Ke dai duba mini."

A ƙasan kayan na hango babbar rigarsa shuɗiya, ta sha guga, da kwalbar turare da kwalin dabino. Na ce, "Babbar riga kuma a cikin ƙanƙara?"

"In an je gaida maigidan fa? Ai ba a shiga gidan mutum da kayan sito. Turaren ma nasa ne."

"Wane maigida, Baba?"

"Wanda za mu sauka a wurinsa."

Sai da na zauna a bakin gado na yi masa bayani. Gidan haya ne, babu kowa a ciki, mai shi wataƙila yana Florida yana shan rana, makulli ma a wani ɗan akwati za su tarar da shi a jikin ƙofa. Ya tsaya da kwalbar turaren a hannu yana kallona kamar na ce masa an soke tafiyar.

"Yanzu mutum ya tafi garin da bai san kowa ba, ya sauka a gidan da babu kowa, shi ne hutu?"

"Shi ne hutu, Baba."

Ya ajiye turaren a kan tebur. Can kuma ya ɗauka ya tura shi cikin safa, ya mayar akwati, ya ce ko da wani zai ɓullo. Na yi dariya har da hawaye, shi ma ya taya ni, amma tasa ba ta daɗe ba. Daga nan ya nuna mini wata jaka da ya ninke babu komai a ciki, ta tsaraba ce, da takarda mai sunayen gidajen Hausawa bakwai da zai kawo wa. Namu ne a sama.

Yana rufe akwatin ya ce, "Ranar Alhamis ne, ƙarfe tara na safe. Nan ƙasa wurin ajiye motoci za su ɗauke ni." Na ce to. Da na miƙe ya sake faɗa, Alhamis, ƙarfe tara. Ya rako ni har mota kamar yadda ya saba, ko jaket bai sa ba, na kunna mota ya sunkuyo ta taga ya ce, "Tara ɗin ma ba lallai su zo a kan lokaci ba, wataƙila da kwata." Ni kuwa hankalina yana kan cefane. Na ce masa, "Ba komai, Baba, za mu yi waya kafin nan." Na ja mota, na hango shi ta madubi yana tsaye har na sha kwana.

Ban buga ba. Ba wani dalili gare ni ba, mantawa na yi. Ranar Laraba Abdurrahim ya kwashi yara suka tafi Raleigh wurin ƙaninsa, ni kuma ranar Alhamis tun shida da rabi na fita aiki. Wajen ƙarfe biyar na dawo, gida tsit, na tarar da jar fitilar na'urar ɗaukar saƙon waya tana ƙiftawa. Irin mai ɗan ƙaramin kaset ɗin nan ce, minti ɗaya take ba mutum ta yanke shi. Saƙo uku. Na danna ina cire takalmi.

"Salamu alaikum. Hanifa, Lawal ne. Ina kwana?"

Sai shiru, kaset yana ta juyawa. Na zaci layin ne ya katse, sai na ji ya ce, "To madalla. Ina gajiya?" Ya sake yin shiru. Sai a nan na gane abin da yake yi, wurin amsata yake bari. Ya tambayi aiki ya jira, ya tambayi maigida ya jira, ya fara kiran sunayen yara, yana kan ta biyu na'urar ta yi ƙara ta yanke shi.

Saƙo na biyu da sauri ya fara, ya gane halin na'urar. "Ni ne dai. Dama sallama na bugo in yi muku, yau ne tafiyar. Na buga sauran gidajen, duk injin ne ya ɗauka. Jiya na ƙwanƙwasa wa maƙwabta, mutum ɗaya ya buɗe, ko sarƙar ƙofar bai cire ba, ya ce in daina gaya wa mutane ɗakina zai zama babu kowa. Yana da gaskiya, ƙasar ce haka. To, tafiya ce, rai a hannun Allah yake. Duk abin da na yi muku, wanda na sani da wanda ban sani ba, a yafe mini." Ina jin numfashinsa, yana jira, har mintin ya cika.

Na uku gajere ne. "Hanifa, tara da kwata. Na sauka da akwati na ɗan tsaya, na ce ko wani zai ɓullo, sai na hawo in ƙara gwadawa." Can nesa na ji hon ɗin mota sau biyu. "To, ga su nan sun iso. Bari in raka kaina."

Na daɗe a tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, don sau uku bawan Allahn nan ya gaya mini rana da lokaci, kuma labarin bas biyu na Funtuwa na fi kowa iya shi. Daga asibitinmu zuwa ƙofarsa tafiyar minti goma ce. Gidan dutsen kuma ko lambar wayarsa ban tambaya ba. Na mayar da kaset ɗin baya zuwa farko na sake kunnawa. Ya ce ina kwana, na ce lafiya lau, Baba. Ya ce ina gajiya, na ce babu gajiya. Na bi shi tambaya bayan tambaya, ni kaɗai a kicin, kuma kowane shiru da ya bari daidai tsawon amsata yake. Da ya zo neman gafara na ce ban riƙe ka da komai ba, Baba, ni ma ka yafe mini. Da hon ya yi ƙara na ce Allah ya kiyaye hanya, a lokacin ya fi awa biyar da sauka a Boone.

Ranar Lahadi ya dawo lafiya, leɓɓansa duk sun tsage. Washegari bayan ya tashi aiki ya sa wani ya kawo shi har Summerfield, da kwat ɗin Abdurrahim a ninke da kwalbar zuman dutse, shida na sauran gidajen suna cikin jaka. Ya ce ƙanƙara abin kallo ce, amma babbar rigar ko fito da ita bai yi ba. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya riga ni.

"Aiki ne, Hanifa, na sani."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro turaren da ya saya wa maigidan dutse, har yanzu a cikin safa, ya miƙo mini. Ya ce babu wanda ya ɓullo.