Babur Ba Doki Ba Ne

Yayana ƙafa ɗaya gare shi. Ɗayar an yanke ta daga ƙasan gwiwa. In ka tambaye shi zai ce maka baki ne ya kama shi, kuma duk ƙauyenmu haka suke faɗa. Ni ina wurin lokacin da abin ya faru. Ba baki ba ne.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Gagarawa. Kafin fari raƙuma nake kora. In ɗauko kanwa daga ƙasar Faransa, wato Nijar, ta hanyar Maigatari, in koma da gero. Fari ya zo ya cinye raƙuman ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen a gabana ya durƙusa bai sake tashi ba. Na kwance akalar na saɓo ta a kafaɗa na dawo gida.

Yayana kuwa dillalin shanu ne a karar Maigatari. Shi fari bai taɓa shi ba, ƙiba ma ya yi, har ya je Makka. Yana da wani doki akawal da yake shiga rugage da shi. Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin wanda ya iya doki kamarsa ba. Akawal ɗin nan ya kayar da mutane da yawa kafin ya zo hannunsa, amma shi da ya ja linzami sau ɗaya sai ka ga doki ya tsaya cak yana rawar jiki.

Bayan fari babura suka shigo ƙasarmu. Da farko malaman gona da duba-gari ne ke hawa, sai 'yan kasuwa suka bi. Koyon kuwa a bakin shago ake yin sa. Mai sayarwa ya ce maka, "Ga giya, ga birki, ga wuta. Allah ya kiyaye hanya." Shi ke nan ka zama direba. Ba a rufa mako sai an ji wani ya shiga dangar mutane, ko ya kwashe tukwanen mai koko. Sai a yi ta dariya a majalisa, har ranar da aka ɗauko wani a makara. Ranar ma cewa kawai aka yi kwanansa ne ya ƙare.

Wani ɗan kasuwar Gumel ya ba ni babur in riƙa kai masa atamfa da batir bakin iyaka. Ranar farko na shiga darnin wata tsohuwa, salansa ta gasa mini ƙwauri. Na kwana ina jin ƙaurin namana. Na ce a raina, yunwa ba ta kashe ni ba, ƙishin hamada bai kashe ni ba, ba zan mutu a hannun ƙarfe ba. Washegari na tura babur ɗin da ƙafa zuwa wurin Kofur.

Kofur tsohon soja ne. A yaƙin basasa shi ke kai saƙo a kan babur, ya dawo da kunne ɗaya a toshe. Ya sami wani fako a bayan Gumel, wanda ko tsidau ba ya fitowa, ya kakkafa turaku, ya ce zai koya wa mutane hawa. A gefen fakon akwai wani kwari mai yashi, har shi ya haɗa. Mutanen gari suka sa wa wurin suna makarantar faɗuwa.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Da me kake hawa?"

Na ce, "Raƙumi."

"Ɗaga murya, baƙauye."

"Raƙumi!"

"To, hannunka ya riga ya lalace. Tuɓe riga. Cire hula. Naɗe wando."

Ya zaunar da ni a kan babur a kashe, ya ce in riƙe kai. Ya zagaya bayana kamar zai duba taya. Sai kawai ya maka sanda a kan wani tsohon garwa. Na zabura.

Ya ce, "Kada ka motsa. Dubi hannunka na dama."

Na duba. Na ja baya da ƙarfi, kuma garin jan nan na murɗe totur har ƙarshe. Ban san na yi ba.

Ya ce, "Dabba in ta firgita ja kuke yi ta tsaya. Wannan in ka ja, wuta ka ba shi. Da a kunne yake da yanzu kana kan aduwar can. Duk mai doki da mai raƙumi haka hannunsa yake. Sai na kashe wannan hannun kafin ya kashe ka."

Bazara guda na yi ina zuwa. Sai in zagaya turaku, in sake zagayawa, har kaina ya yi juwa. Ba zato Kofur zai wurgo buhun ƙaiƙayi gabana. Abin da yake so, in saki wuta, in taka birkin ƙafa. In na ja, tsumagiya ce a kan yatsu. Yatsuna suka kumbura har tuwo sai da hagu nake ci a ɓoye. Ya koya mini shiga yashi: kada in damƙi birkin hannu, kada in kalli ƙasan taya, in kalli inda za ni. Ya koya mini faɗuwa ma. In babur zai kwanta, a bar masa, a zare ƙafa.

'Yan kallo ba sa yankewa. Mahauta da 'yan dako da masu zaman banza, duk a gindin aduwa. In na faɗi su yi ihu. "Ga ƙato da gemu ana koya masa tatata!" Wani ya ce, "Kofur, ka goya shi mana!" Ban taɓa tanka musu ba. Wanda ya binne raƙumansa dariya ba ta yi masa ciwo.

Wata rana Kofur ya wurgo buhu, sai na ga na tsaya. Ban yi tunani ba, hannun ne ya saki da kansa. Bai yaba mini ba. Ya dai ajiye tsumagiyar ya tafi shan ruwa.

A ƙarshen bazarar nan yayana ya sayi nasa babur, ja, babba, mai madubi biyu. Aka cika ƙofar gida ana shafawa. Da aka watse na same shi a zaure.

Na ce, "Yaya, ka je wurin Kofur."

Ya ce, "Wurin da ake dukanka kamar jaki?"

"Nan."

"Har Maigatari an ba ni labari. Ka zubar mana da mutunci a gaban mahauta."

"Yaya, hannunka na linzami ne. Ya fi nawa lalacewa, don ka fi ni iyawa."

Ya yi dariya ya ce, "Ka ji shi. Iyawa ce ta zama laifi."

Na matsa masa har ya yarda ya je ya gani. Ya iso fakon cikin babbar riga ɗinkin hannu da rawani, abokansa dillalai biyu suna biye. Kofur ya gaishe shi da girma, sannan ya ce, "Alhaji, a tuɓe riga."

Yayana ya waiwaya gindin aduwa. 'Yan kallo duk sun zuba masa ido.

Ya ce, "A nan?"

"A nan. Kowa haka yake yi."

Ɗaya daga cikin dillalan ya ce, "Haba, Kofur. Mutumin da ya hore akawal, ƙarfe ne zai gagare shi? Ai shi zai koya maka." Ɗayan ya ce, "Alhaji, mu tafi. Wannan wurin na marasa aikin yi ne."

Suka tafi. Kofur ya tofar da yawu ya ce mini, "Hau. Me kake kallo?"

Na sake gwadawa. Na ce masa mu shiga daji bayan gari inda ba kowa, ni in nuna masa abin da aka nuna mini. Ya ce, "Ni na goya ka, kana yi mini fitsari a baya. Yau kai za ka koya mini zama?" Na kai ƙara wurin Inna. Ta ce in bar ɗan'uwana, hassada ba kyau. Ta aika aka rubuto laya, aka ɗaure a ƙarƙashin sirdin babur. Kowa ya ce an gama.

Abin haushi, a miƙaƙƙiyar hanya ya iya. Zaman doki ya ba shi zama mai kyau, yana tafe riga na kaɗawa, mutane na ɗaga masa hannu. Damina ta wuce bai faɗi ba. Duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Ina amfanin dukan da ka sha? Ga yayanka ko ƙwarzane." Na san dai ba abin da ya firgita shi tukuna.

Wata Alhamis bayan kaka muka nufi Maigatari, kowa a kan babur ɗinsa, yana gaba ina baya. Mun zo mashigar kara, inda yashi yake da zurfi, kuma a hankali yake tafiya. Sai wani bajimi ya ƙwace daga hannun masu ja, ya yanko hanya da igiya a ƙafa. Tsakaninsu akwai fili. Da ya buɗe hannu kawai, yashin ma ya isa ya tsayar da babur. Na ga kafaɗunsa sun koma baya. Na ji ya daka tsawar da yake yi wa akawal. Babur ya yi kururuwa, tayar gaba ta ɗaga, ya wuce bayan bajimin ya afka wa wata amalanke da aka loda wa kanwa.

Da na iso yana kwance, ƙafarsa tana tsakanin injin da ƙarfen amalanke. Hannunsa na nan a kan totur yana ja. Tayar baya na ta juyawa tana watsa wa mutane yashi. Sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya-ɗaya kafin na kashe injin. Ƙashi ya huda fata ya fito fari.

Ba mu ma ɗaga shi ba aka gama shari'a. Dillalin nan da ya ce ƙarfe ba zai gagare shi ba, shi ya fara: "Baki ne. Jiya wani ya yaba babur ɗin nan bai ce tubarkalla ba." Wani ya ce a'a, kiranye aka yi wa bajimin. Mutum ɗari sun ga hannunsa a kan totur. Ba wanda ya ambaci hannu.

Na ce a kai shi asibiti. Kofur ma da ya ji ya aiko cewa karayar da ƙashi ya fito ba ta ɗori ba ce, ya ga irinta a yaƙi. Kawunmu ya ce, "Wane ne Kofur a gidan nan? Asibiti yanka suke yi." Aka kira mai ɗori. Ya ja, ya tofa, ya ɗaure da kara da tsumma a kan ciwon yadda yake, da yashinsa.

Masu dubiya suka yi ta zuwa da goro da labarin wanda suke zargi. Har wani bawan Allah mai sayar da igiya aka daina amsa wa sallama. Da ƙafar ta fara wari sai suka ragu. Da warin ya kai zaure sai suka koma gaisuwa daga waje, hanci a cikin rawani. Ni ke kwance tsumman in wanke. Ni na ga tsutsa. Ranar ban shawarci kowa ba, na tare motar shanu na sa shi a ciki zuwa Kano. Likita ya duba ya girgiza kai. Aka yanke. Da muka dawo kawu ya ce, "Ban faɗa muku ba? Yanka suke yi."

Babur ɗin aka gyara shi, aka yi masa hayaƙin turare don a kore abin da ke jikinsa. Dillalin nan ne ya saye shi. A ƙofar gidanmu makanike ya ce masa ga giya, ga birki, ga wuta. Ya tattara riga ya hau. Shi ma mai doki ne. Na juya na shige gida.

Fakon Kofur bai daɗe ba. Masu zuwa ba yawa, masu dariya ne da yawa. Ya gaji ya tafi Kano gadi. Mata suka tuge turakun suka yi girki. Mu 'yan kaɗan da muka sha tsumagiyarsa mun faɗi bayan nan, ba sau ɗaya ba, kowa da tabonsa. Amma da ƙafafunmu muke shiga masallaci.

Yayana bai bar dillanci ba. Akawal an sayar, don ba a hawa doki da ƙafa ɗaya. Duk Alhamis ni ke goya shi zuwa kara, sandarsa a ɗaure a gefe. A can yana zaune a kan buzu yana ba baƙi labarin yadda maƙiya suka jefe shi, suna jinjina kai. Ban taɓa ƙaryata shi a gaban mutane ba, shi kuma bai taɓa ambatar Kofur ba.

Amma duk lokacin da muka zo mashigar kara, taya ta shiga yashin nan, sai in ji ya damƙi rigata ta baya da hannu biyu yana ja, har wuyan rigar ya shaƙe ni.

In ce, "Yaya, saki."

Ya ce, "Wa ya riƙe ka? Tuƙa."