Matar da Sau Ɗaya Tak Ta Yabi 'Yata

Da hantsin Talata, tara ga watan Yuli na 2019, ana tsakiyar tsinkar lemo, ɗanki Rocco ya tsayar da tarakta a ƙofar gidana ya cire hula. Manomi ba ya barin gona a irin wannan lokaci don ya gaida tsohuwa. Haka na ji rasuwarki, Komare Gesualda Marrapodi, kina da shekara saba'in da tara, a gidanki na Hanwood. Daga ƙasa aka ɗauko mu, cikinta za a mayar da mu.

Masu mujallar kulob ɗinmu na 'yan Italiya a nan garin Griffith sun ce in rubuta 'yan kalmomi masu taushi. Zan rubuta na gaskiya. Taushi su nema a wani wuri.

A rumfar zuba lemo cikin akwati muka haɗu, ina amarya, hannuna bai san komai ba sai alƙalamin makarantar Sistocin coci. Kika dube ni kika ce wannan ba za ta kai Asabar ba. Daga nan kika riƙa cika rabin akwatunana a ɓoye har hannuna ya faɗa. Lokacin da na haifi 'ya'ya biyu a jere babu wanda ya kwana a duniya, ke kika yi musu wanka, ke kika ɗinka musu farar riga, ke kika zauna a bakin gadona da romon kaza kina yi mini faɗa har na sha. Duk shekara ranar dafa tumatir, ke ce ta farko a garejinmu. Ki ɗanɗana nawa ki ce ko alade sai ya yi shawara kafin ya ci, sannan ki ƙwace ludayin ki tsaya kan wuta har yamma.

Da Allah ya bar mini Tiziana, hannunki na miƙa wa ita a wurin baftisma. Tun daga ranar ba ki ƙara kirana da sunana ba sai Komare, sunan da mahaifiya da uwar baftismar 'yarta ke kiran juna da shi, kuma tun daga ranar ba ki faɗi alheri ɗaya a kan yarinyar nan a gaban mutane ba. Baƙo ya ce kai, wannan jaririya da kyau take, sai ki tare shi: wace? Wannan birinyar mai kunnen jaki? Ki tofa yawu gefe. Duk wanda ya fito daga ƙauyukanmu na Kalabriya, can Italiya, ya san dalili. Yabo ke kiran mugun ido, ido kuwa ya riga ya ci mini biyu. Kin tsaya a gabanta da bakinki kamar yadda ake kewaye shuka da ƙaya. Ke kika huda mata kunne da zinariyar uwarki. Da ta samu jami'a kika ce za su dawo mana da ita kafin Kirsimeti, amma a shekarar kin bi jerin gwanon Uwa Maryamu ba takalmi, don godiya. Ni na wanke miki ƙafafun.

To sai littattafai suka zo. Tiziana ta dawo daga Sydney ta kafa da'irar karatu a ƙaramin zauren kulob, duk Alhamis da la'asar. Abin da suke karantawa labarai ne daga Italiya a kan ƙawancen mata. Ni ma na karanta, kuma ban ce marubutan ba su iya magana ba. Amma littafi kamar giyar gida yake, mai ƙaramin kai shi yake bugarwa. Mata suka kamu. Wadda ta yi shekara arba'in da ƙawarta ta koma tana tankaɗe tsofaffin maganganu tana neman tsakuwa. Loredana, matar mai kantin magani, ta riƙa shela cewa yanzu an gano babu ƙawance sai da hassada a ƙarƙashinsa, kamar ita ta haƙo shi a bayan gidanta. Ke kuma idonki ya yi rauni, kina zuwa ne don ana karantawa a bayyane, da farantin biskit ɗinki. Iyakar sharhinki shi ne, su waɗannan matan na littafi ba su da wanki ne?

A watan Nuwamban bara Loredana ta ce kowa ta kawo misali daga rayuwarta. 'Yata ce ta ɗaga hannu.

"Ni ba sai na je nesa ba," in ji ta. "Ga Komare nan. Tunda nake ba ta taɓa ce mini na yi daidai ba. Mamma ta yi makaranta, ita ba ta yi ba. Mamma ta samu 'ya mace, ita ba ta samu ba. Sai da na karanta littafin nan na san sunan abin."

Na ce, "Tiziana, kama bakinki. Kin san dalili."

"Mamma, camfi mayafi ne kawai. A ƙarƙashinsa hassada ce."

Loredana ta tafa mata, ta ce wannan shi ne ƙarfin hali. Wasu suka yi dariya. Na san kowace da ta yi, da kujerar da take kai.

Kika tashi a hankali, kika gyara baƙin siket ɗinki, kika dubi yarinyar da kika riƙe a coci.

"Tiziana, ke kyakkyawa ce. Kina da ƙwaƙwalwa. A garin nan babu kamarki."

Ba ki ce Allah ya albarkace ta ba, ba ki tofa yawu ba. Matasan suka yi tafi, wai an shirya. Mu tsofaffi muka yi alamar gicciye, domin mun ga kin janye ƙayar. Kika fita, kika bar farantinki a kan tebur.

Abin da masu karatun nan suka manta, ko suka yi kamar sun manta, shi ne a wurinmu wadda aka kira mai hassada an kira ta mai ido ke nan. Kafin Kirsimeti magana ta gama gari. Matan da ke dariyar camfi su ne suka fara juya keken jariri in sun hango ki a kanti. Surukar Loredana ta rufe fuskar ɗanta da mayafi a ƙofar coci, a gabana. Ke da kika karɓi haihuwar rabin unguwarmu, kika koma benci na ƙarshe. Ranar tumatir ta bana kin aiko cewa ƙafa ce ke damunki. Ba ƙafa ba ce.

Ban ce su suka kashe ki ba. Likita ya ce zuciya ce, kuma ajali na Allah ne. Amma na san wata takwas ɗin da suka ba ki. Na so in bi su gida-gida, kika hana ni, kika ce Komare, bar su, tsufa na jiransu. Na bi umarninki muddin kina numfashi.

Yanzu ba kya nan. Kwana ukun da ba a hura wuta a gidan mamaci, ni 'ya'yanki suka ba ƙofa, domin ni ce komarenki. Duk wadda ta kawo abinci daga hannuna yake wucewa. Loredana ta zo da tiren taliya mai yawan gaske, da baƙin tabarau. Na ce, "Sinyora, gidan nan ya ƙoshi." Ta koma da shi mota a gaban maza. Waɗanda suka yi dariya ma haka, ɗaya bayan ɗaya. A ƙasarmu an san ma'anar abincin makoki da aka mayar. Kuma su sani, ni ke jan addu'ar carbi a gidajen rasuwa shekara ashirin. Ranar da tasu ta zo, su nemi wadda za ta karanta musu babi.

Tiziana ta zo ƙarshe, da tukunyar romo, ido ya kumbura. Ita ma ban karɓa ba. Uwa da ke sassauta wa nata ba ta da bakin hukunta na wasu. Ta tsaya a matakala ta ce, "Mamma, ke kina wurinta ranar Lahadi. Ta yi maganata? Ta yafe mini?"

Kin yi maganarta, Komare. Ni da ke mun san abin da kika ce, kuma kullum zuciyarki ta fi tawa laushi. Amma ba zan rubuta shi a nan ba, ba zan kuma faɗa mata a matakala ba. A zauren kulob ta ɓata sunanki, a nan za ta wanke shi, ranar Alhamis, a tsaye, gaban matan nan, ƙofa a buɗe. Ranar za ta ji. In kuwa girman kai ya hana ta, zan zo miki da maganar a bakina.

Ubangiji ya ji ƙanki, ya gafarta miki, ya ba ki hutawa ta har abada cikin haskensa. Uwa Maryamu ta tarbe ki, ki ga mijinki Carmine, ki duba mini 'ya'yana biyun nan. Ina miƙa ta'aziyya ga Rocco da Saverio, da matansu da jikoki, da ƙanwarki Annunziata can gida. Allah ya ba ku haƙuri. Uwarku ba ta taɓa yi wa kowa hassada ba, ni ce shaida.

Sauran kuwa, Allah ya ja kwanansu, ya haɗa su da ƙawaye masu yabonsu a gaban jama'a.

Fortunata Iervasi, Hanwood