Ƙyauren Inna

Mahaifina kafinta ne, amma bai taɓa yin kujera ko gado ba. Ƙyaure kawai yake yi. In mutum ya zo shagonsa, kafin a yi maganar katako sai ya tambaye shi, “Wa zai fi buɗe ƙofar?” Sannan ya ƙwanƙwasa katakon ya saurara, ya sansana, ya shafa shi da tafin hannu. Katakon kirya na ƙofar waje ne, yana jure ruwa da rana. Maɗaci na ɗaki ne, a goge shi, a shafa masa mai har ya yi jajir. Farin katako kuwa ko kallo bai ishe shi ba. “Ba nauyi, ga riƙe datti,” in ji shi.

Duk da haka shekara talatin ɗakin Inna ƙyauren langa-langa gare shi, mai kuka in an tura. Akwai wasu fallayen maɗaci da ya jingine a bayan shago tun shekarar da aka haife ni, wai na Inna ne. In ta tuna masa sai ya ce bai gama bushewa ba.

“Malam, ni zan riga shi bushewa,” take cewa, mu yi ta dariya.

Ni dai abin yana ba ni haushi. Rabin gidajen layinmu da aikinsa suke taƙama, matarsa tana fama da gwangwani.

Da ciwo ya kwantar da Inna ta rame, ba wanda ya ƙara yi masa maganar. Shi da kansa ya sauko da fallayen. Sati uku yana kansu, ya kori duk wani aiki. Ranar da ya kafa ƙyauren, maƙwabta suka shigo kallo. Ban taɓa ganin aiki mai kyau irinsa ba.

Inna ta taso a hankali, ta dafa shi ta tura. Bai motsa ba. Ta sa kafaɗa, ya ɗan buɗe ya dawo. Ta yi murmushi, ta nuna ni ta ce, “Ya yi kyau, Malam. Auta za ta riƙa buɗe mini.”

Na dubi Baba. Mutumin da ya yi wa duniya tambayar nan bai yi ta a gidansa ba. Ya yi wa matar da ya sani shekara talatin baya ƙyaure, wadda take ɗaukar tulu da hannu ɗaya. Tausayinsa ya kama ni, haushin ya tafi.

Washegari da safe ya cire shi. Ya je ya sayo farin katakon nan da ya raina, ya fere shi siriri, ya sauko da mariƙin daidai inda hannunta yake kaiwa yanzu. Bai tsaya shafa mai ba, don mai sai ya kwana biyu kafin ya bushe, shi kuwa ya daina yarda da jira. Samfefa kawai ya bi shi da ita har ya yi sumul.

Da yatsa biyu Inna ta tura shi. Wata biyu tana fita tsakar gida shan hantsi ba ta kira kowa ba, kuma ba abin da ya faranta mata rai kamar wannan.

Bayan rasuwarta na zo gyara ɗakin. Kusa da mariƙin, katakon ya yi duhu, wurin da take dafawa, da man da take shafa wa hannunta. Baba ya yi gaskiya, farin katako yana riƙe datti. Na jiƙa tsumma na ɗaga hannu, sai na ji an riƙe mini wuyan hannu ta baya.

“Auta,” Baba ya ce, “goge ko'ina. Bar mini nan.”