Ragon Ruwa a Wadi Fatima

A unguwar Misfala ta Makka, wajen shekarar 1965, in ka tambayi gidan Mailafiya mai tsire, sai a ce maka, "Wai masuncin?" Mai ba ka amsar zai yi murmushi, don kowa ya san Makka ba ta da kogi. Duwatsu ne baƙaƙe da rana, ruwan sha ma a garwa ake kai wa mutane gida. Mailafiya bai taɓa ɗaukar sunan a matsayin tsokana ba. Masunci ne ɗan masunci, mutumin Wudil, tsire kuwa sana'ar da ya tarar ce ya kama.

Ya baro gida yana saurayi, a ƙafa. Shekara huɗu ya yi a hanya, ya tsinci auduga a Sudan, ya ƙetare teku da riga ɗaya da ƙugiyoyi bakwai cikin gwangwanin taba. A Makka ya auri Saudatu, wadda iyayenta suka zo ta Cadi, suka haifi Hashimu. Fiye da shekara ashirin ƙugiyoyin suna ƙasan akwati, yana goge musu tsatsa da man gyaɗa. Sai ranar da wani direban motar kayan lambu, yana jiran tsire, ya ce a Wadi Fatima, inda yake ɗauko tumatir, akwai wasu 'yan kifaye a idon ruwa. Mailafiya ya ƙona nama tsinke uku yana yi masa tambayoyi.

Wurin ba wani abin a zo a gani ba ne. Idon ruwa ne da ke fitowa cikin lambun dabino na wani Balarabe dattijo, Ammu Hamdan. Ruwan ya taru a gindin dabinai biyu ya yi gurbi mai kai wa ƙugu, sannan ya bi ta ƙarƙashin katangar laka ya fita cikin wadi, wato busasshen kwari, ya yi gudun taku arba'in, yashi ya shanye shi. Kifayen da ƙyar babbansu ya kai tafin hannu, farare ne masu ƙaya da yawa, kuma sun fi kowane kifin da ya sani wayo. In inuwarka ta faɗa kan ruwa, to ka tashi aiki sai la'asar. Ba sa cin tana sosai, sun fi son ƙullin gurasa da aka cuɗa da dabino. Shekara guda ya yi kafin ya gane haka, kuma wanda duk ya zauna gaban tukubarsa sai ya ji labarin.

Kafin ya fara, sai da ya tambayi malamin unguwa, aka tabbatar masa wurin yana wajen iyakar Harami, inda aka hana farauta. Ammu Hamdan kuma ya ce ya shiga, kifin ba ya sha masa dabino. Daga nan kowace Alhamis Mailafiya ba ya hura wuta. Yakan hau bayan motar kayan lambu in za ta koma ba kaya, ya dawo kafin magariba da kifi shida ko bakwai a cikin garwa. Saudatu takan soya su tana mita, wai man da suke sha ya fi namansu. Abokan ciniki kuwa sukan tambaye shi ko yau ya bar wa mutanen Jidda wani abu a teku.

Akwai abin da yakan yi kafin ya jefa fatsa. Ubansa ya koya masa cewa ba a faɗa wa ruwa kamar ɓarawo. Kana yin bisimilla, sai ka gaida mutanen cikinsa da sunayensu, daga babba zuwa ƙarami, kamar yadda ake gaida dattawa a zaure. Giwan ruwa, ragon ruwa, tsage, tarwaɗa, ƙurungu, gargaza, har zuwa kawara. Ko ɗayansu babu a Wadi Fatima, ya sani sarai. Amma a duk faɗin Makka babu inda zai furta sunayen nan su yi ma'ana sai bakin wannan gurbi, kuma ya lura lokacin da ya yi wata biyu bai je ba, sai da ya yi ta lalube kafin ya tuno ƙurungu.

A shekara ta bakwai ruwan ya fara ja baya. Kowa ya san an kafa makina, injin jan ruwa, a lambunan da ke sama, ana jin tukutukunta tun daga hanya. Amma makinar ta manyan mutane ce, ba mai iya ɗora mata laifi. Sai wani mai aikin lambun ya kai wa Ammu Hamdan labari cewa baƙon nan yana tsugunawa yana kiran wasu sunaye a kan ruwa, kuma tun da ya fara ruwan ke raguwa. Aka aiko wa Mailafiya cewa kada ya sake shiga sai ya zo ya yi bayani.

Larabcinsa na kasuwa ne, na nawa da kawo da an jima. Don haka ya tafi da Hashimu, wanda a lokacin yana da shekara ashirin da huɗu, yana tuƙin motar haya. Hashimu a Misfala aka haife shi, Larabci ne a bakinsa, Hausarsa ta cikin gida ce, ta a miƙo buta da an gama tuwo. Tun a mota ya roƙi uban ya ba da haƙuri kawai a wuce wurin, kada maganar sihiri ta bi su har unguwa.

Suka zauna a tabarma ƙarƙashin dabino, aka zuba shayi. Ammu Hamdan ya ce shi ba ya zargin kowa, yana so ne ya ji abin da ake faɗa wa ruwansa. Mailafiya ya gyara zama ya jero sunayen, a hankali, da ɗan alfahari. Hashimu ya tsaya cak. Bai taɓa ganin ko ɗayansu ba, bai ma san kifaye ne ba. Sai ya ɗauki waɗanda kunnensa ya gane, ya fassara su kalma da kalma. Ya ce na farko giwa ce ta ruwa, na biyu kuma rago ne na ruwa.

Ammu Hamdan ya ajiye kofinsa. Ya tambaya ko ragon yankawa ake yi, kuma wa ake yanka wa.

"Baba, wai yana tambaya ragon na wane ne," in ji Hashimu.

"Wane rago?"

"Wanda ka ce. Na ruwan."

Mailafiya ya dubi ɗansa har sai da yaron ya sunkuyar da kai. "Kifi ne, Hashimu. Mai gashin baki, ba shi da ɓawo. Kakanka ya kama wanda ya kai tsawonka. Ai ban san haihuwar da na yi ba ta san ragon ruwa ba."

Aka yi ta bayani. Mailafiya ya zana kifin da yatsa a yashi, da gashin bakinsa. Mai aikin lambun ya leƙo ya ce wannan ai kamar aljani ne. Ammu Hamdan ya yi 'yar dariya, ya ce ya yarda Alhaji mutumin kirki ne, amma mutanensa sun tsorata, kuma ruwa yana raguwa. Ya ce ya ci gaba da zuwa in yana so, da sharaɗi ɗaya: ya kama kifinsa shiru, bisimilla ta ishe shi.

Hashimu ya yi ajiyar zuciya, ya fara godiya tun kafin ya fassara. Mailafiya ya bari ya gama, sannan ya ce ba sai an fassara masa amsarsa ba. Ya harhaɗa Larabcin tukubarsa ya ce lambun na Ammu Hamdan ne, katangar ma tasa ce, amma bakin nan tun daga Wudil ya taho da shi. In ana neman mai shanye ruwa, ga shi can sama yana kuka dare da rana, a je a ce ya yi shiru. Ya shanye shayinsa, ya yi godiya, ya miƙe. Ammu Hamdan ya ce to ƙofar lambun ta rufe.

A gida Saudatu ta ce shi ke nan, ta huta da suya. Da ta ga bai ci tuwo ba sai ta daina wasan. Ta ce ya faɗi sunayen a zuci mana, wa zai ji. Ya ce ta taɓa ganin wanda ya shiga zaure ya gaida dattawa a zuci? Ta ce ba ta taɓa ganin dattijon da ya ƙulla gaba da lambu guda saboda kifin da babu shi a ciki ba. Suka bar maganar a nan.

Ranar Alhamis ya hau motar kayan lambu kamar kullum. Bai nufi ƙofa ba. Ya zagaya ta cikin wadi, inda ƙasa ba ta kowa ba ce, ya tsaya wurin da ruwan ke fitowa daga ƙarƙashin katanga. A nan ko idon sawu bai rufe ba, babu inuwa, kifin kirki ba ya fitowa. Ya naɗe wando, ya sa gwangwani ya fara kwashe yashi. Har azahar yana haƙa yana jera duwatsu a ƙasa don su tare ruwan. Alhamis uku ya yi a haka, bai jefa fatsa ko sau ɗaya ba, kullum yana komawa gida da garwa wayam da bayan wuya a ƙone.

A ta huɗu ramin ya kai gwiwa, ruwan ya kwanta ya yi haske, ya ga wulgawar fararen kifaye biyu a ƙasa. Ya zauna a kan dutse, ya cuɗa gurasarsa. Da ya ɗaga kai sai ya ga Ammu Hamdan a tsaye ta cikin lambu, ya ɗora hannuwa a kan katanga, mai aikinsa a bayansa. Dattijon ya ce, ya Hajj, ranar nan za ta kashe ka.

Mailafiya ya amsa cewa ya gode. Ya yi bisimilla, ya ɗaga murya yadda na bayan katanga za su ji sosai.

"Giwan ruwa, ina kwana. Ragon ruwa, ina kwana."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har kawara, bai tsallake kowa ba, sannan ya jefa.