Ruwan Tsamiya a Idon Batula

An haifi Batula a Dogon Daji, aure ya kai ta Kebbe gidan Attahiru, manomin gero mai 'yan shanu. Ta zo da sana'ar da ta koya wurin kakarta, wato dafa sabulun salo. Takan ƙona karan dawa, ta zuba tokar a tukunya mai huji, ta tace ruwa ta cikinta, sannan ta dafa ruwan tokar da man kaɗanya har ya kama jikinsa. Da wannan ta riƙe gida bayan rasuwar Attahiru, ta aurar da 'ya'yanta, gidan ya rage daga ita sai Mero, ƙanwar marigayin.

A 'yan shekarun nan kara ya yi wuyar samu, domin masu dabbobi suna kwashe shi tun daga gona. Matan unguwar suka koma ga soda, farin sinadarin da ake sayowa a kasuwar Tambuwal. Batula ta daɗe tana ƙi, daga baya ita ma ta aika aka sayo mata.

"Yaya, ba ke kika ce sabulun soda na malalata ne ba?" in ji Mero.

"To, yau na shiga sahunku. Miƙo min muciya, ki rage surutu."

A nan ya kamata a yi ɗan bayani. Masana kimiyya suna da ma'auni da suke kira pH, daga sifili zuwa goma sha huɗu. Ruwan sha yana tsakiya, wajen bakwai. Ƙasa da shi dangin tsami ne, kamar nono da tsamiya. Sama da shi dangin kanwa ne. Ruwan toka yakan tsaya wajen sha ɗaya ko sha biyu, narkakkiyar soda kuwa takan kai sha huɗu. Tazarar kamar kaɗan ce, amma kowane mataki ninki goma ne na wanda ke ƙasansa. Batula ta ɗauki soda a matsayin toka mai ɗan zafi, ta ci gaba da sunkuyawa a kanta da fuska a buɗe, yadda ta saba tun ƙuruciya.

Wata safiya ta kwara ruwa a kan sodar cikin roba. Nan take ta tafasa, ta fantsamo mata a idanu biyu. Mero ta fito daga madafa a guje.

"Mi yaf faru, Yaya?"

"Idona, Mero! Wuta ce!"

Duk macen da ta taɓa girki a ƙasar nan ta san cewa idan miyar yakuwa ta yi tsami, kanwa ake jefa mata, idan kuma kanwa ta yi yawa, tsami ke gyara ta. Mero tana da tsamiya da ta jiƙa domin kunu. Ta ɗauko, ta kwantar da kan Batula a cinyarta, ta ɗiga mata ruwan a idanu.

"Daure, Yaya, tsami shi ka kashe kanwa."

Ta ɗaure mata fuska da ɗankwali, suka zauna jiran magani ya yi aiki, ga randa cike da ruwa a gefensu. Abin da Mero ta sani gaskiya ne a cikin tukunya. Ido kuwa ruwa mai yawa yake buƙata, a yi ta kwarara masa ba tsayawa, domin soda tana narkar da tsoka kamar yadda take narkar da mai, kuma tana ci gaba da ci muddin ba a wanke ta ba.

Sai bayan azahar aka ɗora Batula a babur zuwa Tambuwal, daga can aka wuce da ita wani asibiti a Sakkwato. Likitan ya yi bayaninsa a hankali, bai zargi kowa ba, amma Mero tana tsaye ta ji duka. Idon hagu ya tafi. Na dama yana bambanta haske da duhu kawai.

Batula ba ta sake dafa sabulu ba. Maƙwabta sun shaida mini cewa ba su taɓa jin ta ambaci tsamiyar nan ba, ko da wasa. Mero ce ke riƙe hannunta zuwa ko'ina.

Ina gidan ranar da Ni'imatu, autar Batula, ta kawo jaririn da ta haifa. Batula ta karɓe shi, ta bi goshinsa da hancinsa da yatsa, ta juya da shi wajen ƙofa inda haske yake, ta daɗe a haka.

"Mero, faɗa min gaskiya, baƙi ne ko fari?"

Mero ta dubi jaririn, ta fashe da kuka.

"Haba Mero," in ji Batula, "idanu biyu kaɗai suka rage muna a gidan ga. Kada ki ɓata su da kuka. Duba min shi da kyau."