Faifai Huɗu da Ƙanin Mijina

Shekarar da aka ba ni shugabancin lekol, makarantar bokon ƙauyenmu, kusa da Kwaya, na sayi ordinatar, wato kwamfuta ta hannu, sabuwa fil a kwalinta. Da ƙafata na je Damagaram na zaɓo ta. Na gaji da rubuta darussa a littattafan da gara ke cinyewa kowace damina, wannan shi ne dalilin da na faɗa wa mutane. Akwai wani da na riƙe a raina. Inna, mahaifiyata, ta tsufa ƙwarai, ni kuma na jima ina ɗaukar muryarta a waya duk ranar da na je gaishe ta a wajen Dantchiao. Tana ba ni labarin yadda kakanninmu suka sari daji suka zauna, da rijiyoyin da suka cike aka manta da su, da waƙoƙin daka na zamanin ƙuruciyarta. Katin wayar ya cika, kuma ina tsoron ranar da wayar za ta faɗa mini cikin randa.

Da na kunna ordinatar ɗin, ta tambaye ni suna da harshe da lokaci, sannan ta fito da wani rubutu na Faransanci. Na karanta shi sau biyu. Cewa take in nemo faifai huɗu marasa komai in yi mata faifan ceto tun tana lafiya, don in wata rana ta rikice, su ne za su mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. A ƙasa kuma an ƙara da cewa faifan ba za su ceci abin da ni na zuba mata ba, wannan sai in riƙa kwafe shi ina ajiyewa a wani wuri dabam.

Ina cikin karatun nan ƙanin mijina ya yi sallama ya shigo.

Bari in faɗi ko wane ne shi. Magidanci ne da ya haura talatin da biyar, da mata da ƴaƴa uku da ɗan tumbi. Wata shekara masu wani aikin raya karkara sun tara mutane a Magaria suka koya musu taɓa ordinatar na kwana uku, shi ma aka sa sunansa don an rasa mai zuwa daga ƙauyenmu. Ya dawo da takardar shaida, ya sa aka yi mata gilashi, ya rataye ta a zaure inda duk baƙo zai gani. Tun daga ranar yake yawo da kile a wuya, wannan ƴar ma'ajiyar da ake soka wa ordinatar, ya ɗaura mata jan zare kamar laya. Ban taɓa jin an ce akwai wani abu a cikinta ba. Idan wayar wani ta ƙi, zai karɓa ya cire batir ya hura masa iska ya mayar, in ta tashi aikinsa ne, in ba ta tashi ba jabu ce. Samari suna ce masa injiniya suna ƙunshe dariya, shi kuma yana amsawa da gaske.

Ya leƙo ta kafaɗata ya ce, “Madam, me kike dubawa haka kamar takardar kotu?”

Na ce, “Faifan ceto take so in yi mata.”

Ya yi dariya har da dafa ƙirji. “Wannan ai na ƴan koyo ne. Danna nan, ki ce sai an jima. Duniya ta wuce faifai, Madam. Yanzu komai a intanet ake ajiyewa, a sama.”

Na dube shi. A ƙauyenmu, mai son kiran waya sai ya hau jigawar bayan maƙabarta ya ɗaga hannu yana juyawa kafin ya sami rezo. Shi kansa na sha ganinsa a can, tsaye da ƙafa ɗaya kan tushen gawo yana ihu cikin waya. Wannan ne zai aika mini da muryar uwata sama.

Na ce, “Na gode, injiniya. Zan yi na ƴan koyon.”

Mijina mutum ne mai sanyin hali, kiwon raguna ne sana'arsa bayan gona, kuma bai taɓa iya ce wa ƙaninsa a'a ba. Ya ce da ni, “Ki bari ya duba miki mana, ai ya yi karatun abin.” Na ce masa ni na yi shekara goma sha biyar ina karantar da yara Faransanci, rubutun da ke gabana kuma da Faransanci yake.

Ran Asabar na naɗe ordinatar ɗin a zane na hau kabu-kabu zuwa Magaria, na rungume ta a cinya muna ta nutsewa cikin rairayi. Akwai wani dattijo mai shagon fotokopi a bakin tasha, mai furfura a gemu, wanda ba ya yawan magana. Na nuna masa rubutun. Bai ce ya sani ba, bai ce bai sani ba. Ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe, sannan ya ce, “Gaskiya ta faɗa miki, Malama. Zauna, abin yana cin lokaci.”

Ya kuwa ci. Tun hantsi muke abu ɗaya har la'asar. Ordinatar ta haɗiyi faifai, ta yi ta gurnani, wani koren layi yana rarrafe a fuskarta, ta tofo shi ta nemi wani. Na biyu ta ƙi shi, ta ce ya lalace, muka sa wani a madadinsa. Ana cikin na uku aka ɗauke kuran, wutar lantarki, batir kuma ya yi ƙasa, dattijon ya tashi ba tare da na roƙe shi ba ya ja injinsa ya tayar. Duk faifan da ya fito sai ya rubuta masa lamba da baƙin alƙalami ya sa shi a ambulan. Daga nan ya kawo mini wata ma'ajiya ta waje, ba ta fi sabulun wanka girma ba, ya nuna mini yadda zan kwafe kayana a cikinta. A gabansa na zuba muryar Inna daga waya zuwa ordinatar, daga ordinatar zuwa ma'ajiyar.

Da zan tafi ya ce, “Kada ki haɗa su jaka ɗaya. Abin da ya sami wannan, kada ya sami waccan. Kuma ki riƙa yi duk sati, ko kin gaji.”

Faifan huɗu na sa su a ƙasan kwalla cikin kayan aurena, ma'ajiyar kuma na kulle ta a kabad ɗin burona, ofishina na lekol. Faifan da ya lalace na bar shi kan tabarma, ƙanin mijina ya tsince shi. Ran Litinin na gan shi ya huda shi ya rataya a ƙahon motonsa, babur ɗin nan nasa, yana ƙyalli. Ya tsaya a ƙofar lekol ya ce, “Madam, kin ga amfaninsu ke nan!” Malamai biyu suka yi masa dariyar ladabi.

Wata da watanni ina kiyaye maganar dattijo. Kowace Jumma'a, idan an sallami yara, in buɗe kabad in kwafe. Sai kaka ta zo tare da komawar lekol, ga rubuta sababbin ɗalibai, ga gyaɗarmu a ƙasa tana jiran cira, ga Inna ta kwanta ciwo ina zirga-zirga. Jumma'a ta farko na ce sai ta gaba. Haka har biyar.

A cikin waɗannan makonni ne wata rana da azahar, ina zaune ina yi mata fifita, Inna ta kama maganar mahaifina. Ya rasu ina goye, kuma tsawon rayuwata ban taɓa jin ta yi zancensa ba, kunya irin ta mutanen da. Ran nan ta yi magana ta fi awa ɗaya. Na lallaɓa na kunna waya. Da na dawo gida na zuba a ordinatar, na goge na wayar don in sami wurin ɗaukar wani. Ba a sake samun wani ba. Bayan an gama ɗaure hatsi Allah ya yi mata rasuwa.

Kwana bakwai na yi a gidanmu ana karɓar gaisuwa. Da na dawo, na tarar da ordinatar ɗin a kan gado ba inda na ajiye ta ba. Na kunna. Baƙar fuska, da wani ɗan farin layi yana ƙiftawa a kusurwa. Na kashe na sake kunnawa, haka dai.

Mijina ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce ƙaninsa ne ya ara zai rubuta takardar neman aiki. Na ce a kira shi.

Ya shigo yana taunar goro, ya yi mini gaisuwar rashi a gurguje, sannan ya ce, “Madam, gaskiya sun cuce ki a Damagaram. Jabu suka ba ki.”

Na ce, “Me ka yi mata?”

Da ƙyar na tatso labarin. Takardar neman aiki ko layi ɗaya bai rubuta ba. Ya kai ta majalisarsu ta shayi, abokinsa ya soka kile mai finafinan kokawa, ordinatar ta kwashi cuta ta fara nauyi. Shi kuma, don kada a ce injiniya ya kasa, ya aro wani faifai a wurin mai gyaran rediyo, ya ce zai wanke ta gaba ɗaya ya sa mata sabon tsari. Ta tambaye shi ko ya tabbata zai shafe komai. Ya ce ya tabbata. Ana tsakiyar aiki ta tsaya cak.

Na ce, “Ka karanta abin da ta tambaye ka?”

Ya ce, “Ai mu ba sai mun karanta ba, mun saba.”

Ban yi kuka a gabansa ba, ban ga ya kai in yi ba. Na ce ya fita mini daga ɗaki. Yana fita yana ce wa wansa mata ba su da godiya.

Na koma wurin dattijon Magaria da ordinatar da faifai da ma'ajiya. Na gaya masa akwai magana ɗaya da ban kwafe ba. Ya ce kada mu sa faifan tukuna, in bar masa ita kwana biyu ya laluba ko akwai abin da ya saura. Da na dawo ya girgiza kai. Ya sami guntayen hotuna da rabin fim ɗin kokawa. Inda muryar take, an rubuta wani abu a kai.

Bai yi mini faɗa ba, tambaya kawai ya yi: “Yaushe rabonki da kwafewa?” Na ce sati biyar kafin rasuwar. Ya ce, “To,” ya miƙo hannu na ba shi faifai na ɗaya.

Muka sake zaman nan na yini guda, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Wajen la'asar ta farka tana tambayar suna da harshe, kamar ba ta taɓa sanina ba. Muka jona ma'ajiyar. Darussana suka dawo, da sunayen ɗalibai, da hotuna. Na danna ɗaya daga cikin muryoyin, sai ga Inna a cikin shagon fotokopi tana tari, tana cewa in matso da abin kusa da bakinta. Dattijon ya tashi ya fita waje ya tsaya kamar yana duba injinsa.

A ranar na sayi littafi na zauna na rubuta abin da na tuna daga maganar mahaifina. Shafi uku kawai ya fito daga zancen awa guda. Na tuna ta ce dogo ne, ba ya cin wake, kuma a ƙafa ya tako daga wani ƙauyen Dogo-Dogo da ɗan akuya a kafaɗa ranar sunana. Akwai wani wuri da ta yi dariya har ta shaƙe, na yi ta ƙoƙari in tuna abin da ya ba ta dariyar, na kasa. Ƙanin mijina na raina shi tun kafin wannan, bai ba ni mamaki ba. Wadda na ji haushinta ita ce matar da ta san daidai, aka gaya mata, ta yi watanni tana yi, sannan ta wuce kabad sau biyar da mabuɗi a hannu tana cewa ta gaji.

Ba a yi sati ba labari ya iso mini daga majalisar shayi. Wai injiniya yana cewa shi ya ba ni shawarar yin faifan tun farko, da ban ji maganarsa ba da na yi asara. Mijina ya so ya je ya same shi, abin da bai taɓa yi ba, na ce ya bari. Ya sayo mini akwatin ƙarfe mai kwaɗo, ya miƙo mini mabuɗan biyu duka.

Bayan shekara guda ƙanin mijina ya sayo tasa ordinatar, tsohuwa, daga tsallaken iyaka. Ba ta yi wata ba ta mutu. Ya zo da yamma ina tankaɗe, ya tsuguna daga nesa, yau babu Madam, sai Yaya.

“Yaya, faifan nan naki huɗu, ki ara mini na kwana ɗaya.”

Na ce masa ba za su yi masa aiki ba, nawa na tawa ne kaɗai, kowace ordinatar da nata, kuma tun tana lafiya ake yi. Gaskiya na faɗa masa. Ya yi murmushi irin na wanda ya gano wayon mutum, ya miƙe ya kaɗe wandonsa. Har yau yana gaya wa mutane rowa ce ta hana ni.