Kaset Ɗin da Aka Yanke Muryar Abokina

Ni tela ne, amma ko a lokacin da nake kan ganiyata a kasuwar Funtuwa na san ba kyan ɗinkina kaɗai ke tara mutane a rumfata ba. Allah ya ba ni baki. In na ji muryar mutum sau ɗaya, sai in kwaikwaye ta har matarsa ta amsa daga bayan zana. Ƙafata na kan keke, bakina na aiki, mutane na zaune a benci suna riƙe ciki. Wasu ma ba su da ko ƙyalle a wurina, hira kawai ke kawo su.

Sai dai hirar ba ta cika daɗi sai ranar da abokina ya shigo gari. Manomi ne daga wani ƙauye kusa da Dayi, Kirista, dogo, mai magana a hankali kamar ba ya son a ji. Mun saba ne tun wata kaka da ya kawo auduga awo, ya biyo ta rumfata a ɗinka wa 'ya'yansa kayan Kirsimeti. Ina ce masa Sarkin Noma, shi kuma yana ce mini Malam Tela. Wasanmu ɗaya ne: ni in tsokani mutanen ƙauye, shi ya rama a kan mutanen birni.

Nakan ba da labarin ranar da ya fara shiga gidan abinci a Funtuwa, ya tarar da fanka a kan tebur tana juya kai hagu da dama. Sai in ɗauki muryarsa in ce, “Uwar gida, ni fa ke na roƙa ki ƙara mini miya. Wannan mai ƙaton kan me ya shafe shi da yake ta cewa a'a?”

Yakan bari dariya ta lafa, sannan ya gyara zama. “Ai gara ni,” in ji shi. “Malam Tela ya zo taya ni noma. Ya ciro tef ɗin awonsa daga wuya, ya auna kunya tun daga farko har ƙarshe, ya dube ni ya ce, Sarkin Noma, a sa mata aljihu ko a bar ta haka? Kafin in amsa talotalo ya yi kuka, sai daga kan rumbu muka sauko da shi.”

Gaskiyar magana, ya fi ni cin wasan sau da yawa. Ni ina da murya, shi yana da haƙurin jira har ya samu inda zai soka.

A ƙarshen shekarun saba'in rikoda ta cika gari. Duk wanda ya sayar da auduga da kyau sai ka gan shi da tasa, an ɗinka mata riga, yana rataye da ita. Ni kaina na ɗinka irin rigunan nan da yawa. Saboda haka da muka yi wasanmu a wurin sunan wani maƙwabcina, da hantsi bayan an ci waina, ban kula da wani Alhaji da ya ɗora tasa a cinya ba. Shago gare shi a bakin tasha, yana sayar da batir da kaset na waƙoƙi da wa'azi.

Damina ta shigo, abokina ya daina zuwa. Ban damu ba, na ce aikin gona ne. Aka yi girbi, aka fara awon auduga, shiru. Na ga mutanen ƙauyensu a kasuwa, na gaishe su, suka amsa sama-sama suka wuce. Ɗaya daga cikinsu, wanda ni ke masa ɗinki tun aurensa na fari, na hango shi a rumfar wani tela.

Na gane dalili ne a cikin mota, ina hanyar Malumfashi gaisuwar mutuwa. Direba ya tura kaset, sai na ji wata murya tana cewa, “Ga Bamaguje ya shigo birni, daga shagonmu na bakin tashar Funtuwa.” Bayanta sai tawa muryar, da labarin fanka. Motar ta kaure da dariya. Na saurara in ji Sarkin Noma ya rama. Aka yi ƙaras, sai ga ni kuma da wani labarin. Haka har kaset ya ƙare. An cire duk inda ya yi magana, an bar ni ni kaɗai ina ta yi wa mutumin ƙauye dariya, an kuma laƙaba masa sunan da ban taɓa kiransa da shi ba.

Wani dattijo a gefena ya ce, “Wannan tela ba shi da mutunci, amma akwai ban dariya.”

Na ce, “Baba, ni ne telan. Kuma abin da ka ji rabin magana ce.”

Da na gama gaisuwa ban koma gida ba, na hau babur zuwa ƙauyensu. Na tarar da shi yana ɗaure damman dawa. Ya ba ni ruwa, ya ba ni tabarma, amma bai ce Malam Tela ba.

“An sa mana shi a kasuwar Dayi,” ya ce. “Yara na bin matata suna cewa a ƙara mata miya. Dattawan coci sun tambaye ni, wai wannan ne abokin da nake yabo?”

Na ce, “Kai da kanka kana wurin. Ka san yadda aka yi hirar nan. Ban san an ɗauka ba, ban san an yanke ba, ban kuma ba kowa izini ba. Sa rigarka gobe ka zo Funtuwa, a gabanka zan yi magana.”

Ya ƙarasa ɗaure damin da ke gabansa, sannan ya ce zai zo.

Washegari muka sami Alhaji a shagonsa, rikoda biyu a gabansa an haɗa su da waya, ɗaya na zuba wa ɗaya. Da ya gan mu ya washe baki, ya ce ai yanzu har Dandume da Bakori an san ni, kamata ya yi in gode masa. Na ce mu je wurin Sarkin Tasha, tunda a ƙasarsa shagon yake. Direbobi da 'yan kamasho suka biyo mu, don sun ji ƙanshin rigima.

Alhaji ya fara. “Ranka ya daɗe, rikoda tawa ce, batir nawa, kaset nawa. Magana kuwa a bainar jama'a ya yi ta. Wa ya taɓa mallakar dariya? Ko shi ma ai muryoyin mutane yake ɗauka, wa ya ba shi izini?”

Wasu suka gyaɗa kai. Tambayar tana da ƙarfi, kuma na ji daɗin da ya yi ta.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ina kwaikwayon mutum ne yana zaune a gabana, bakinsa a buɗe, in ya ga dama ya rama. Alhaji ya rufe wa wannan bawan Allah baki, ya bar nawa. Da ya tambaye ni, da na ce a ɗauka, amma a ɗauka duka. In na ɗinka riga, wani ya yanke hannu ɗaya ya rataya ta a tasha yana cewa ɗinkin wane ne, riga ya lalata ko sunana?”

Sarkin Tasha ya juya ga Alhaji. “Don me ka yanke?”

“Kaset ɗin gajere ne,” in ji Alhaji. Sai kuma ya ƙara da cewa, “Kuma masu saye mutanen gari ne, ba su son a taɓa su.”

A nan abokina ya yi gyaran murya. Bai ɗaga harshe ba. “Alhaji, ashe tsoro ne ya sa ka cire ni. To ka kwantar da hankalinka, ba kai nake nufi ba. Kai ai ka san gona. Na ga yadda kake girbe abin da ba ka shuka ba.”

Tashar ta ɗauki ihu. Wani direba har ya zauna a ƙasa. Alhaji ya cire hula ya mayar, shi ma ya kasa riƙe dariyarsa.

Sarkin Tasha ya yanke cewa a goge duk wanda ya rage a shago, direbobinsa kuma su dawo da nasu a musanya musu. In Alhaji yana son sabo, sai da yardarmu mu biyu, kuma da rabonmu a ciki. Ni na ƙara sharaɗi ɗaya: ba wanda zai yi magana a farkon kaset sai mu.

Mun yi sabon a rumfata ranar kasuwa, benci cike. Na fara da sallama, na faɗi ko ni wane ne, na ce ga abokina kuma ubangidana a harkar noma. Shi ma ya faɗi nasa, ya ce duk abin da za a ji wasa ne tsakanin aminai, wanda ya ji haushi ya zo gona ya same shi da fartanya. Ranar ya yi mini kaca-kaca. Kaset ɗin ya fi na farko tafiya nesa ba kusa ba, kuma mutanen garin da aka ce ba su son a taɓa su, su suka fi saye. Wasu masu shaguna a Malumfashi sun kwafa ba su tambaye mu ba, wannan ba mu iya hanawa ba. Amma ba wanda ya sake yanke ko kalma ɗaya, don kowa ya riga ya haddace yadda hirar take.

Kirsimetin shekarar suka gayyace ni ƙauye. Mata suka dafa mini nawa daban, aka sa wani maƙwabcinsu Musulmi ya yanka zakara saboda ni. Bayan an ci an sha, abokina ya kai ni gaida mahaifinsa, tsoho tukuf wanda bai shiga coci ba bai kuma shiga masallaci ba, yana nan kan al'adar kakanninsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ƙura mini ido, ya ce an gaya masa ina iya muryar kowa, to in yi tasa ya ji.

Na yi. Matan gidan suka toshe baki da gyale. Tsohon ya saurara har na gama, ya juya ga ɗansa ya ce, “Ƙarya ake masa. Wannan ai muryar wana ce, kuma shi ya daɗe da mutuwa.” Ya sa aka kawo mini ƙwaryar gyaɗa, ya ce in dawo baɗi in sake gwadawa.